Gayyar Masu Gina Rumbun Bayanai: Darasi Ga Ɗalibai Da Ma'aikatan Wudil

Daga Wakilinmu a Wudil

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan asibitoci da ɗakunan shan magani na Ƙaramar Hukumar Wudil sukan zauna su buɗe manyan littattafan rajista, su ƙidaya yawan yaran da aka yi wa allurar rigakafi, da matan da suka zo awon ciki, da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Sa'an nan su cika takardar taƙaita aikin wata, a miƙa ta ga jami'in da ke kula da alƙaluma, shi kuwa ya shigar da su cikin kwamfuta. Da zarar ya gama, waɗanda ke Kano da Abuja suna iya ganinsu tun kafin motar da ta tashi daga tashar Wudil ta kai Mariri. Da irin waɗannan alƙaluma ne manya ke sanin inda rigakafi ya yi ƙaranci da inda ya kamata a tura magani, don haka idan suka ɓata ko suka rikice, talaka ne zai ji a jikinsa.

Manhajar da ake shigar da alƙaluman sunanta DHIS2, kuma ita ce Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da ita domin tattara bayanan lafiya daga ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, har da 44 na Jihar Kano. A ƙarƙashinta akwai wata manhaja da ma'aikaci ba ya gani, mai suna PostgreSQL, wadda ita ce ainihin rumbun da ake zuba bayanan a ciki, ta jera su, ta tsare su, ta fito da su duk sa'ad da aka nema.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan rumbu ba mallakar wani kamfani ba ne. Yana cikin irin manhajojin da ake kira masu buɗaɗɗen tushe, watau waɗanda aka baje umarnin da aka rubuta su da shi a fili, kowa na iya karantawa, ya ɗauka kyauta, ya gyara, ya kuma kawo gyaransa a haɗa da na sauran. A taƙaice dai, aikin gayya ne. To, duk wanda ya taɓa kiran gayya ya sani cewa tara mutane ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce raba musu kunyoyi, da hana mai ƙaramin sani sare shuka da sunan ciyawa. Tambayar da ta dace a yi ke nan: ta yaya ɗaruruwan mutane, daga ƙasashe dabam-dabam, da yawansu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, suka riƙe aiki guda kusan shekara talatin ba tare da ya wargaje ba?

Asalin Aikin

An fara aikin ne a shekarar 1986 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael Stonebraker, da sunan POSTGRES. Bincike ne na malami da ɗalibansa, kuma jami'ar ta rufe shi a 1994. Da ya ƙare a nan, kamar yadda ayyukan ɗalibai da yawa sukan ƙare, amma sai wasu ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka koya masa harshen tambayar rumbuna da ake kira SQL, suka sake shi ga duniya da sunan Postgres95.

A shekarar 1996 ne aikin ya bar hannun jami'a baki ɗaya. Marc Fournier na Kanada ya ba da kwamfutar da za a ajiye tushen manhajar, Bruce Momjian da Thomas Lockhart na Amurka da Vadim Mikheev na Rasha suka haɗa hannu da shi, aka kuma canza suna zuwa PostgreSQL. A wancan lokaci babu buƙatar wani tsari mai yawa. Mutum huɗu sun san juna, kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake taɓawa, idan saɓani ya taso kuwa wasiƙa biyu ko uku sun isa su kashe shi.

Idan Dambu Ya Yi Yawa

Matsala takan zo ne tare da nasara. Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya yi bayanin cewa ƙara ma'aikata a kan aikin manhajar da ya riga ya makara yakan ƙara masa jinkiri ne. Dalilin lissafi ne mai sauƙi, wanda ɗalibi zai iya gwadawa a bayan littafinsa. Tsakanin mutum 4 akwai hanyoyin magana 6. Tsakanin mutum 10 akwai 45. Idan suka kai 30, hanyoyin sun zama 435. Har ila yau, kowane sabon zuwa yana buƙatar wani tsohon hannu ya bar aikinsa ya koya masa.

Masu gina PostgreSQL sun ɗanɗana wannan da kansu. Kowane gyara ko ƙari da mutum ya kawo faci ake kiransa, kamar dai na tela. Da masu kawo faci suka yawaita, sai facin ya riƙa taruwa babu mai dubawa, domin kowa ya fi son rubuta nasa a kan karanta na wani. A zagayen fitowa ta 8.3, an rufe karɓar sababbin abubuwa a watan Afrilu na 2007, amma manhajar ba ta fito ba sai watan Fabrairu na 2008, saboda tsibin facin da ya taru yana jiran ƙwararru 'yan ƙalilan. Mutumin da ya kwashe watanni yana jiran amsa kuwa, wani lokaci yakan yi fushi ya tafi, a yi asararsa da asarar aikinsa.

Matakan da suka ɗauka, kafin wannan cikas da bayansa, su ne abin koyi a nan, kuma ana iya kasa su gida huɗu.

Mabuɗin Rumbu

Na farko, sun bambanta mai kawo hatsi da mai riƙe da mabuɗin rumbu. Ƙofar kawo faci a buɗe take ga kowa, ko daga Tokyo yake ko daga Wudil. Amma ikon shigar da facin cikin ainihin tushen manhajar yana hannun mutane kimanin talatin ne kawai. Ba a samun wannan mabuɗi da takardar digiri, ko da yawan shekaru, ko da girman kamfanin da mutum yake yi wa aiki. Sai an ga mutum ya daɗe yana kawo aiki mai kyau, yana duba na wasu, yana kuma dawowa ya gyara ɓarnar da aikinsa ya haifar, sa'an nan tsofaffin masu mabuɗi su yi shawara a kansa. Wanda ya daina aiki kuma ana iya karɓe mabuɗin daga hannunsa.

Hikimar da ke ciki ita ce an ɗora alhaki a wuyan mutum sananne. Duk wanda ya shigar da faci, ko ba shi ya rubuta ba, shi za a nema idan ɓarna ta bayyana. Ma'aikacin baitulmali da ya saba sa hannu a baucar biya zai gane wannan nan take.

Watan Duba Aiki

Na biyu, daga shekarar 2008 sun keɓe watanni na musamman domin duba facin da ya taru. Bisa al'ada sau biyar ake yi a kowane zagaye, a watannin Yuli, Satumba, Nuwamba, Janairu da Maris. Ana jera dukan facin da ke jira a wuri ɗaya inda kowa zai gani, a sa wani ya zama mai kula da zagayen, kuma kowane faci sai an san makomarsa: ko a karɓe shi, ko a mayar wa mai shi ya gyara, ko a ɗaga shi zuwa zagaye na gaba, ko a ƙi shi tare da faɗin dalili.

Akwai kuma ƙa'idar da ta fi kama da adashi: wanda ya kawo faci, ana sa ran ya duba facin wani mai nauyi daidai da nasa. Da haka aka rage wa masu mabuɗi kaya, aka kuma sami makarantar da sababbi ke koyon sana'ar. Mafi yawan waɗanda ke riƙe da mabuɗi a yau ta wannan hanya suka taso. Bugu da ƙari, muhawara a kan aikin a rubuce ake yin ta kuma a fili, ana ajiye ta, ta yadda wanda ya zo bayan shekara goma zai iya komawa ya karanta dalilin da ya sa aka zaɓi wata hanya aka bar wata.

Gwaji Da Kalanda

Na uku, sun ɗora wa na'ura aikin da ɗan Adam yakan gaji da shi. A shekarar 2004 Andrew Dunstan ya kafa wani garke na kwamfutoci iri-iri, waɗanda masu sa kai ke bayarwa daga sassan duniya. Duk sa'ad da aka shigar da sabon faci, waɗannan kwamfutoci sukan ɗauki manhajar su harhaɗa ta su gwada, idan wani abu ya karye kuwa sai ja ya bayyana a allo, kowa ya ga facin da ya jawo. Wannan ya rage jayayya, domin ba a musu da na'ura. A 2010 kuma suka koma amfani da Git, watau manhajar da ke rubuta tarihin kowane canji, da sunan wanda ya yi shi, da ranar da aka yi.

Sun kuma ɗaure kansu da kalanda. Babbar fitowa sau ɗaya ce a shekara, wajen watan Satumba ko Oktoba. Fitowa ta 17 ta zo a Satumba 2024, ta 18 kuma a Satumba 2025. Kowace babbar fitowa ana kula da ita shekara 5, ana fitar da ƙananan gyare-gyare aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku. Bayan da fitowa ta 9.5 ta makara har zuwa Janairu 2016, sai aka fara naɗa ƙaramin kwamiti a kowace shekara wanda ke da ikon sa ranar rufe ƙofa, har ma ya sa a cire aikin da bai nuna ba, ko na wane ne. Wanda jirgi ya bari a bana sai ya jira na baɗi.

Majalisa Ba Sarki

Na huɗu shi ne shugabanci. Mutumin Wudil, garin da a tarihi yake mazaunin Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani game da amfanin ƙaramar majalisa ta amintattu. PostgreSQL yana da irin wannan majalisa, sai dai ita ba ta da sarki a samanta. Aikinta shi ne kula da fitowar manhaja, da ba da izinin riƙe mabuɗi, da ladabtarwa, da yanke hukunci idan aka kasa cimma matsaya. Ba ta tsara wa kowa abin da zai rubuta. A 2018 aka ƙara da rubutacciyar ƙa'idar zaman tare, da kwamitin sauraron ƙorafi, domin taron da ya yi yawa ba ya zaunuwa a kan kunya da kara kaɗai.

Yawancin manyan masu aikin albashi suke karɓa daga kamfanoni dabam-dabam, kuma a nan ne haɗari yake. A shekarar 2000 wani kamfanin Amurka mai suna Great Bridge ya ɗauki wasu daga cikin 'yan majalisar aiki, amma ya rufe a 2001. Aikin bai mutu ba, domin tushen manhajar ba na kamfanin ba ne. Majalisar tana bin ƙa'idar cewa kada ma'aikatan kamfani ɗaya su wuce rabin membobinta. An gwada wannan ƙa'ida a 2020, lokacin da kamfanin EDB ya sayi kamfanin 2ndQuadrant, sai aka wayi gari uku daga cikin membobi biyar suna ƙarƙashin inuwa ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare aka ƙara mutum biyu daga wasu kamfanoni, Andres Freund da Jonathan Katz, majalisar ta zama ta mutum bakwai, ma'auni ya daidaita.

Waɗanda Suka Bi Wata Hanya

Amfanin wannan tsari yakan fi fitowa idan aka dubi maƙwabta. Rumbun MySQL, wanda aka fara a 1995, shi ma tushensa a buɗe yake, amma a wancan lokaci haƙƙin mallakarsa yana hannun kamfani guda na ƙasar Suwidin. A 2008 kamfanin Sun ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 1, a farkon 2010 kuma kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun ɗin kansa. Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, ya ɗauki tushen a 2009 ya kafa wani reshe mai suna MariaDB, jama'ar aikin suka rabu gida biyu. Duka biyun suna aiki har yanzu, amma darasin a bayyane yake: abin da mutum ɗaya ya mallaka, mutum ɗaya na iya sayar da shi.

Ɗaya haɗarin kuma shi ne ƙarancin hannu. A watan Maris na 2024, Andres Freund ɗin nan da aka ambata yana gwajin saurin PostgreSQL, sai ya lura cewa shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda miliyoyin kwamfutoci ke amfani da ita. Shekaru da dama mutum ɗaya ne ke ɗauke da nauyin xz, ya gaji, sai wani da ya ɓoye ainihin sunansa ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya sami mabuɗi. Da ba a gano ba, da ɓarnar ta game duniya. Inda babu mai duba aikin mai mabuɗi, ɓarawo ba ya buƙatar fasa katanga.

Ita kuwa DHIS2 da ake amfani da ita a Wudil, tata hanyar dabam ce. Asalinta daga Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, cikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Western Cape da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe. Sabuwar sigar an fara aiki da ita a Jihar Kerala ta Indiya a 2006, yanzu kuma ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita. Jami'ar Oslo ce ke riƙe da ginin ainihin manhajar, yayin da ƙungiyoyin ƙwararru a ƙasashe, har da Nijeriya, ke daidaita ta da bukatun ma'aikatun lafiya, suna horar da ma'aikata, suna kuma isar da koke zuwa ga masu gini. Tsarin ya bambanta da na PostgreSQL, amma tushen ɗaya ne: an san mai yanke hukunci, an san hanyar da koke ke bi.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wudil gari ne na ilmi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kano, wadda ta fara aiki a 2001 kuma a yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, tana yaye masu nazarin kwamfuta a kowace shekara, ga kuma Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda. Sai dai duk wanda ya san jami'o'in ƙasar nan ya san al'adar da ta zama ruwan dare. Ɗalibin ajin ƙarshe yakan gina manhajar ajiye bayanan ɗalibai ko ta marasa lafiya shi kaɗai, ya kare ta a gaban malamai, ya sami makinsa, daga nan ta mutu a cikin kwamfutarsa. Baɗi wani ya sake farawa daga tushe. Da ɗalibai za su haɗu a kan aiki guda mai ɗorewa, su ajiye tushensa inda kowa zai gani, su ba mutum biyu ko uku mabuɗi, su sa dokar cewa ba a shigar da aikin kowa sai wani ya duba, su kuma miƙa mabuɗin ga 'yan aji uku kafin su tafi bautar ƙasa, da sun koyi abin da kamfanonin duniya ke nema. Kada a manta cewa ɗalibai biyu ne suka ceto POSTGRES bayan jami'a ta rufe shi. Ƙofar duba faci a PostgreSQL ma a buɗe take, ba a tambayar kowa takardar shaida.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, musamman wanda ke zama a kwamitin ba da kwangila, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi kafin a sa hannu a kan kowace manhajar biyan albashi, ko ta haraji, ko ta rajistar filaye. A hannun wa tushen manhajar zai kasance, ma'aikata ko ɗan kwangila? Mutum nawa ne suka fahimci cikinta, kuma idan aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, wa zai ci gaba? Wa ke duba canji kafin a shigar da shi? An rubuta yadda take aiki? Ana ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, kuma an taɓa gwada maido da su? Wace fitowa ce ta rumbun ake amfani da ita, kuma yaushe wa'adin kula da ita zai ƙare? Manhajar kyauta ba ta nufin aiki babu kuɗi. Kuɗin da ba a biya na lasisi ba, kamata ya yi a kashe shi wajen horar da ma'aikata, kuma fiye da mutum ɗaya.

Lokacin da ya dace a tsara waɗannan abubuwa shi ne tun aiki yana ƙarami, sa'ad da mutane huɗu ne kuma suna ga-maciji da juna ba su fara ba. Masu gina PostgreSQL sun sha wahala kafin su gano wasu daga cikin dokokinsu, mu kuwa mun same su a rubuce, kyauta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba matasanmu da ma'aikatanmu ikon ɗaukar darasi, amin.